Am, is, was, be: aikatau ɗaya ne ko taron dangi aka yi mana?

Malama_Aji_Huɗu:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni ga masu ilimin Turanci. A littafin da muke koyarwa da shi an jero "am", "is", "are", "was", "were", "been" da "being", aka ce wai duk aikatau ɗaya ne, sunansa "be". Ni kuwa ban ga abin da ya haɗa su ba. "Walk" ya koma "walked", wannan ba gardama. "Sing, sang, sung" ma da gani ka san 'yan ɗaki ɗaya ne. Amma ina "be" ina "am"? Ko harafi ɗaya bai haɗa su ba. A ganina kalmomi ne daban-daban aka tattaro aka laƙa musu suna ɗaya, wanda ya san ba haka ba ne ya faɗa mini. Na biyu, mece ce ma'anarsa takamaimai? Ƙamus ya ce "zama" ko "kasance", amma wa zai fassara "I am a teacher" da "na kasance malama"?

Ɗan_Kantin_Kwari:
Wa alaikumus salam. Malama, ki sa su haddace kawai. Mu a zamaninmu waƙa muka mai da shi, I am, you are, he is, malami na tsaye da tsumagiya, ga shi har yau bai zube ba. Neman dalili a Turanci ɓata lokaci ne, harshen da ake rubuta "knife" da k a ƙi furta ta.

Tsohon_Lakcara:
Malama, kin harbi gaskiya ba tare da kin buɗe littafin tarihi ba. Asali kalmomi ne daban, aƙalla saiwa uku.

Turanci ɗan wani babban gida ne da ake kira dangin harsunan Indiya da Turai. A ciki akwai Jamusanci, Latinanci, Girkanci, Rashanci, Farisanci da Sanskirit, tsohon harshen Indiya. Kakan waɗannan harsuna yana da saiwa "es-" mai nufin akwai ko samuwa. Daga nan "am" da "is" suka fito. Yana da wata, "bhu-", mai nufin tsirowa, girma, zamowa. Ita ta haifi "be", "been" da "being". Ta uku "wes-", ma'anarta zama a wuri, sauka, kwana. Ita ce uwar "was" da "were". To kin ga, wanda ya ce "I was" in aka bi salsala cewa ya yi "na zauna" ko "na kwana", wanda ya ce "I will be" kuma cewa ya yi "zan tsiro".

A tsohon Turanci, wanda aka yi kafin Normandawa su ci Ingila a 1066, abin ya ma fi haka yawa. Sunan aikatau ɗin biyu ne, "beon" da "wesan". Lokaci mai ci kuma jeri biyu gare shi. Akwai "eom, eart, is, sindon" na abin da ke nan yanzu. Akwai "beo, bist, bith, beoth" na abin da zai zo ko abin da ya saba kasancewa kullum. Daga baya jerin na biyu ya ja baya, ya bar mana "be" a wurare kamar "I will be" da "be quiet".

Ɗan_Kantin_Kwari:
Ranka ya daɗe, yanzu na gane. Kamar 'yan kasuwa uku ne suka haɗa jari a rumfa ɗaya, kowa da ɓangaren da yake tsaro, allon ƙofa kuwa sunan mutum ɗaya aka rubuta. Da haka aka yi mana bayani tun farko da an rage mana bulala.

Gaskiya_Ɗaci:
Ni fa ban cika yarda da irin wannan ba. Harshen da ba wanda ya taɓa rubutawa, ba kaset, ba allo, ta ina aka san yana da "es-" da "bhu-"? Bature ya zauna a ofis ya ƙirƙiro, mu kuma mu haɗiye. Ina shaida?

Tsohon_Lakcara:
Tambayarka a kan hanya take, ƙanena. Lalle ba a rubuta shi ba, gano shi aka yi ta hanyar gwama 'ya'yansa. Duba kalmar "is" kawai. Sanskirit "asti", Girkanci "esti", Latinanci "est", Farisanci "ast", Jamusanci "ist". Sannan duba "am": Sanskirit "asmi", Girkanci "eimi", harshen Gotawa, wani tsohon ɗan'uwan Jamusanci, "im", wanda muke da shi a rubuce tun fassarar Baibul da limaminsu Wulfila ya yi a ƙarni na 4. Mutumin Indiya da mutumin Ingila ba su yi shawara ba, amma duka sun sa m a ƙarshe in mai magana na nufin kansa. Wannan m ta "am" ita kaɗai ta rage a Turanci daga tsohuwar alamar "ni" da ake liƙa wa aikatau. Kalma ɗaya na iya yin kama bisa katari, amma jeri guda ya yi kama, harafi da harafi, a kan ƙa'ida, sai gado. Irin wannan kamar ce ta sa William Jones, alƙalin Ingila a Kalkata, ya faɗa a 1786 cewa Sanskirit da Girkanci da Latinanci tushensu ɗaya.

Gaskiya_Ɗaci:
To na ji ta "is". Sauran biyun fa?

Tsohon_Lakcara:
Su ma haka. "Bhu-" tana nan a Sanskirit "bhavati", yana zamowa, a Farisanci "budan", a Rashanci "byt". A Latinanci bh takan koma f, sai ta ba da "fui", na kasance, da "futurus", abin da zai kasance, inda Turanci ya aro "future". A Girkanci ta ba da "physis", ɗabi'ar halitta, abin da ya tsiro da kansa, inda aka samo sunan darasin fizis da ke ba yaranmu ciwon kai. "Wes-" kuma tana nan a Sanskirit "vasati", yana zaune a wuri.

Badamagare_227:
Salamu alaikum. Mu da muka yi lakwal da Faransanci mun sha irin wannan wahala da "être". Je suis, il est, nous sommes, j'étais, je fus, je serai. Yanzu da na karanta bayanin Malam na ga "est" ɗinmu da "is" ɗinku abu ɗaya ne, "fus" kuma ɗan'uwan "be" ne. Wani maitre namu ya taɓa ce mana "été" daga wani aikatau na Latinanci ya zo, "stare", wato tsayawa. Ke nan Faransawa ma taron suka yi, sai dai su nasu na ukun tsayuwa ce, na Ingilishi kwana.

Tsohon_Lakcara:
Malaminku ya faɗi daidai. Wannan "stare" ce ta zama "estar" a Sifaniyanci, su kuma suka bar ta a matsayin aikatau mai zaman kansa gefen "ser". Suna cewa "soy" in maganar ko kai wane ne, "estoy" in maganar inda kake ko halin da kake ciki.

Almajirin_Zaure:
Allah ya gafarta Malam, a ba ni dama in sa baki ta ɓangaren Larabci. Duk wanda ya karanta Ajurumiyya ya san jumla ismiyya ba ta buƙatar wani "is". "Zaidun ƙa'imun", wato Zaidu yana tsaye, mubtada (wanda ake magana a kansa) da habar (abin da aka faɗa a kansa), magana ta cika. Sai in ana son a mayar da ita baya a kawo "kana", ta ɗaukaka suna ta nasabta habar. Malaman nahawu kuma sun raba "kana" biyu: naƙisa, mai jiran habar, da tamma, wadda ita kaɗai take nufin abu ya samu ko ya auku, kamar a "kun fa yakun". Ina ganin tambayar Malama ta biyu a nan amsarta take. "Be" ma wani lokaci cikakke ne, wani lokaci igiya ce kawai tsakanin kalma biyu.

Maganar kalma ta aro jam'inta ko wani sashenta daga wata saiwa, Larabci ma na da ita. "Imra'a" mace ɗaya, jam'inta "nisa'".

Uwar_Biyu:
Ai ba sai mun je Larabci ba. Babba, manya. Wane harafi ya haɗa su ban da a? Akwai, babu. Yaro ɗan shekara uku yana faɗarsu bai taɓa tambaya ba. Namu ne shi ya sa ba ma ganin baƙuntarsa.

Malama_Aji_Huɗu:
Yaya Uwar_Biyu, wannan misalin na babba da manya na ɗauke shi. Malam Tsohon_Lakcara, ban ga ka ambaci "are" a cikin ukun ba. Sannan me ya sa "was" da s, "were" da r, in har saiwarsu ɗaya?

Tsohon_Lakcara:
Da gangan na tsallake "are", don masana ba su haɗu a kanta ba. Wasu na mai da ita ga "es-", wasu na cewa saiwa ce ta huɗu. Abin da ba a jayayya a kai shi ne daga tsakiya da arewacin Ingila ta fito, inda ake cewa "earun" ko "aron", yayin da mutanen kudu ke cewa "sind" ko "sindon", irin "sind" ta Jamusanci ta yau. Arewa ce yankin da mayaƙan teku na Sikandinebiya suka zauna tun ƙarni na 9, su kuma suna cewa "eru", don haka ana ganin zamansu ya ƙara mata ƙarfi. A hankali ta gangaro Landan ta kori "sind". Ko bayan nan ta daɗe tana kokawa da "be". Har ƙarni na 16 ana rubuta "they be". Maganar nan da 'yan jarida ke so, "the powers that be", masu riƙe da madafun iko, daga fassarar Sabon Alkawari ta William Tyndale ta 1526 take, ta daskare a haka.

Ta s da r kuwa wani ɗan ƙasar Denmak, Karl Verner, ya warware ta a shekarun 1870. A zamanin da, inda nauyin murya ke sauka a kalma yana sauyawa. A tilo yana kan saiwa, sai s ta tsaya s. A jam'i yana kan ƙarshen kalma, sai s ta yi laushi ta koma z, z kuma daga baya ta koma r. Da aikatau da yawa na da irin wannan, aka bi aka daidaita su. Wannan kaɗai ya tsira da nasa.

Baƙon_Hambug:
Tabbas. A nan Jamus su r ɗin ce ta ci, suna cewa "ich war, wir waren", amma s ta ɓuya a "gewesen". Maƙwabtansu na Holan kuma "was" da "waren" suke cewa, sak Turanci. Abin da ya fi ba ni mamaki da na fara koyo shi ne "ich bin, du bist". Ashe "bist" ɗin nan da Malam ya kawo a tsohon Turanci tana nan da ranta, ana sayen burodi da ita.

Gaskiya_Ɗaci:
To me ya hana su gyara shi? Sun gyara sauran sun bar wanda aka fi amfani da shi a hargitse.

Uwar_Biyu:
Ai don an fi amfani da shi ne. Abin da kake faɗa sau ɗari a wuni ba ka manta yadda yake balle ka yi masa kwaskwarima.

Tsohon_Lakcara:
Hajiya ta gama magana. "Help" da "holp" ne shuɗaɗɗensa, aka mai da shi "helped". Amma "be", in aka haɗa duk siffofinsa, shi ne na biyu wajen yawan fitowa a Turanci, "the" kaɗai ke gabansa. Yaro na jin "is" da "was" tun yana goye. "Go" da "went" ma haka ne, "went" ta wani aikatau ce, "wend", aka ƙwace.

Nahawu_Zalla:
Mu dawo kan ma'ana, don nan ne aji ke rikicewa, ba a tarihi ba. Matsalar ƙamus ita ce yana neman kalmar Hausa ɗaya ya ajiye gaban "be", alhali Hausa ta raba aikin ga ma'aikata da yawa. "Audu is a farmer", Audu manomi ne. "Binta is tall", Binta doguwa ce. Wannan "ne" da "ce" su ake kira dirka, kuma dirka ba aikatau ba ce: ba ta ɗaukar lamirin lokaci, jinsi da adadi take bi, karin sautinta ma kishiyar na gaɓar da ta gabace ta ne. "Audu is at home", Audu yana gida, babu dirka ko kusa. "There is water", akwai ruwa. "Be patient", yi haƙuri. "I am hungry", ina jin yunwa. "She is ten", shekararta goma, nan ma babu komai a gurbinsa. "Zama" da "kasance" sai an zo irin "he will be a doctor", zai zama likita.

Bayan wannan kuma akwai inda ba shi da ma'anar kansa sam, ɗan rakiya ne. "He is eating", yana ci. "The goat was sold", an sayar da akuya. Yaron da aka ce masa "is" na nufin "ne" zai tsaya yana neman "ne" a cikin "yana ci". Ni in ina koyarwa ba na fassara kalmar, jumlar nake sa su fassara, su gani da idonsu cewa wurare da yawa Hausa ta bi.

Malama_Aji_Huɗu:
Wannan shi ne ciwon. Wata yarinya ta rubuta mini "My father is go to farm", na ja jan biro, ta zo har tebur ta ce, "Malama, ba kin ce he sai da is ba?" Wani kuma ya rubuta "The soup sweet", da na tambaye shi ina aikatau ya ce miyar ba ta aikata komai ba.

Ɗan_Kantin_Kwari:
Wallahi yaron nan yana da gaskiya, a ba shi maki.

Basakkwace:
Nahawu_Zalla, ka ce "ne" da "ce" kamar su ɗai ad dirka. Mu Sakkwato "na" da "ta" muka cewa. Wanga yaro na, wagga yarinya ta. Ku Kanawa kun lanƙwasa ta.

Nahawu_Zalla:
Ban musa ba, Yallaɓai. Taku ma ta fi nuna asali, don t ɗin mace a fili take, irin wadda ke cikin "ta zo" da "ita", kuma ita ce dai t ɗin mace ta Larabci, tunda Hausa da Larabci babban gida ɗaya suka fito. Wasu karuruwan harshen kuma, kamar na wajen Zazzau da Bauchi, sukan bar "ce" su yi ta "ne".

Ɗan_Zongo_Kumasi:
Mu ma a zango "ne" muke ba kowa, mace da namiji. In baƙo daga Kano ya zo yana gyara mana sai mu ce to, sannu da ƙoƙari.

Injiniya_Sabo:
Ina da ƙari. Ina ganin "become", "before", "because", "believe" duk daga "be" ɗin nan suke, tunda da shi suka fara. Har ina tunanin ko "bi" namu na Hausa yana da alaƙa, don furucin ɗaya ne.

Tsohon_Lakcara:
A'a, Injiniya, nan kam ka bi hanyar da ba ta ɓullewa. "Be-" na farkon waɗannan kalmomi ɗafa-goshi ne, ɗan'uwan "by", ma'anarsa kusa da ko kewaye. "Because" asalinta "by cause". Wadda ke ɗauke da aikatau ɗinmu da gaske ita ce "maybe", wato "may be". "Bi" na Hausa kuwa ba ruwansa, kamar yadda ƙudan zuma na Turanci, "bee", ba ruwansa. Dangin gaskiya sau da yawa ba sa kama a fuska. "Husband" da "neighbour" da "build" suna da jinin "bhu-" ta ma'anar zama da gina mazauni. "Present", "absent", "essence" da "interest" kuma na "es-" ne, sun biyo ta Latinanci. Har "satya" ta Indiyawa, gaskiya, wadda ke cikin sunan gwagwarmayar Gandhi, daga "es-" take: gaskiya ita ce abin da yake akwai.

Gaskiya_Ɗaci:
Bari in tsokano wata. In Hausa ba ta da aikatau irin wannan, ashe shi ya sa ba a falsafa da ita. Ta yaya za ka fassara "I think, therefore I am" ta Descartes? "Ina tunani, don haka ni ne"? Kai ne wa?

Ɗalibar_Falsafa:
Yaya, kai ka zaɓi dirka inda ba wurinta ba. "Ina tunani, ashe ke nan akwai ni." Ina abin da ya ɓace? Shi kansa da Faransanci ya fara rubuta ta a 1637, ba da Turanci ba. Kuma ka sani masu ilimin manɗiƙi na Turai kuka suke da wannan aikatau, ba alfahari ba. Bertrand Russell ya yi ƙorafi mai zafi cewa kalma ɗaya, "is", tana aikin siffantawa tana kuma aikin cewa wannan shi ne wancan, abu biyu da ba su da haɗi. Ƙara da na samuwa, uku ke nan a cikin harafi biyu. Mu kuwa "Audu malami ne" daban, "Audu shi ne malamin" daban, "akwai malami" daban. Wa ya fi wani rarrabewa?

Almajirin_Zaure:
Allah ya yi miki albarka. Wannan zance ma tsoho ne. Farabi, wanda ya rasu wajen 950, ya tattauna shi a Kitabul Huruf: ya ce Farisawa na da "hast", Girkawa na da "estin", Larabawa ba su da kalma guda da ke tsaye a gurbin, shi ya sa masu fassara suka ɗauki "huwa" da "maujud". Hakan bai hana a yi falsafa da Larabci ɗaruruwan shekaru ba. Mu ma a karatun tauhidi tun muna yara ake fassara mana wujudu da samuwa, baƙa'u da wanzuwa. Kalmomin suna nan, sai dai in ba a zauna gaban malami ba.

Gaskiya_Ɗaci:
Na ji, amma "akwai ni" ba ta da daɗin ta Turancin. A bar ni da ra'ayina.

Lauya_Mai_Shayi:
Tunda an zo nan, ku tuna wannan ƙaramar kalma ta taɓa shiga shari'ar shugaban ƙasa. A 1998 Bill Clinton, shugaban Amurka na lokacin, yana amsa tambayoyi a binciken da aka yi masa, ya ce amsar ta danganta da abin da kalmar "is" take nufi. Duniya ta yi ta dariya, amma ta fuskar nahawu abin da yake cewa shi ne: "is" na nufin yanzu, ba ta nufin ba a taɓa yi ba. Da da Hausa aka yi zaman, da rigimar ta koma tsakanin "babu" da "ba a taɓa ba".

Ɗalibar_Falsafa:
Akwai ma waɗanda suka yi yunƙurin korar sa gaba ɗaya. Wani Ba'amurke, David Bourland, ya fito da salon rubutu a 1965 mai suna E-Prime, Turanci ba "be" ko ɗaya. Ba za ka ce "the film is bad" ba, sai ka ce ni ban ji daɗinsa ba. Wai don mutum ya daina yanke hukunci kamar daga sama aka saukar. Na gwada a wani rubutu, kafin shafi ya cika na gaji.

Hajiya_Shikago:
Sallama daga nesa. Abin da Malam ya faɗa na jeri biyu a tsohon Turanci, ɗaya na yanzu ɗaya na kullum, ya tuna mini da maganar baƙaƙen fatar nan. In maƙwabciyata ta ce "he working", yana aiki ne yanzu haka. In ta ce "he be working", yakan yi aiki ne, halinsa ke nan, ko da a wannan lokacin barci yake. Da na zo na ɗauka karya Turanci suke, ashe ƙa'ida ce tsaf, irin bambancin "yana" da "yakan" namu. Malam, daga tsohon Turancin suka gaje ta?

Tsohon_Lakcara:
Hajiya, kamar ta yi yawa, amma tsakaninsu akwai ɗaruruwan shekaru, kuma masana sun rabu. Wasu na danganta ta da Turancin mutanen Ayalan, masu cewa "he does be working", wasu da harsunan Karebiyan da na Afirka ta Yamma, inda lokaci sabau ke da alamarsa. A kudu maso yammacin Ingila kuma akwai tsofaffin ƙauye da aka sani da "I be" da "thee bist".

Direban_Legas:
Ku kuna ta Ingila da Amurka. Ku zo kasuwar Mile 12 ta Legas ku ji yadda Buroka ta raba gardama. "Na me" in ana tambayar wane ne. "I dey house" in ana tambayar ina kake. "Water dey", akwai ruwa. "I be driver", sana'ata. Ba ta bar wa kalma ɗaya duk kayan ba. Ni a kunnena ta fi kusa da Hausa fiye da Turancin makaranta.

Ɗan_Zongo_Kumasi:
Kuma mu nan yankin mun ƙera wa Turanci suna daga "been". Da in mutum ya je Ingila ya dawo yana taƙama ana ce masa "been-to". Kakanninmu sun san su, kwat da hula cikin zafin rana.

Uwar_Biyu:
Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne "am fine", "am coming" da yaranmu ke rubutawa a WhatsApp ba "I". Na yi faɗa har na gaji.

Nahawu_Zalla:
Kunne ne ya jawo, Hajiya. "I'm" da "am" kusan ɗaya suke a bakinmu. A jarrabawa dai za a soke. Amma ni abin da yara suka fi tambayata shi ne don me ake ce wa mutum ɗaya "you are", alhali an ce "are" ta jam'i ce.

Tsohon_Lakcara:
Don "you" ɗin kanta ta jam'i ce. Mutum ɗaya "thou" ake ce masa, "thou art", "thou wast". Sai aka riƙa girmama manya da jam'i, yadda za ka ce wa surukinka "kun tashi lafiya" shi kaɗai. Girmamawar ta bazu har "thou" ta zama ta raini ko ta shaƙuwa, ta faɗi. A ƙarni na 18 mutane, har masu ilimi, sun so su gyara da "you was" ga mutum ɗaya, "you were" ga jama'a. Masu littattafan nahawu, irin Robert Lowth a 1762, suka yi mata ca, ta koma maganar da ake gyara wa yara.

Malama_Aji_Huɗu:
Na gode ƙwarai. Amma ku lura, a kan tambayata ta farko har yanzu ina nan inda nake. Kun tabbatar mini kalmomi uku ne. To don me littafi zai ce ɗaya?

Nahawu_Zalla:
Don nahawu aiki yake dubawa, ba haihuwa ba. "I am tired" in ta koma jiya dole ta zama "I was tired", in ta koma gobe "I will be tired". Gurbi ɗaya suke cikewa, ba mai shiga na wani. A wajen mai magana a yau, ɗaya ne.

Ɗalibar_Falsafa:
Ni kuma ta ɓangaren ma'ana nake ganin ba ɗaya ba ne ko a yau. "Is" ta "there is water" da "is" ta "he is eating" rubutu kawai ya haɗa su.

Ɗan_Kantin_Kwari:
Malama, kar dai ki kwashi Sanskirit ki kai wa 'yan aji huɗu, iyaye za su zo makaranta.

Badamagare_227:
Me zai hana? Ba sai ta ce Sanskirit ba. Ta ce musu da can kalmomi uku ne suka haɗu, ɗaya na yanzu, ɗaya na da, ɗaya na gaba. Yaro ya fi riƙe abin da aka ba shi dalilinsa.

Nahawu_Zalla:
Sai dai "been" za ta ɓata maka lissafin, don ta gidan "be" ce amma abin da ya wuce take nunawa. "If I were you" kuma ba jiya take nufi ba.

Injiniya_Sabo:
Kafin a watse, wata ta daɗe tana damuna. Ana cewa "he is, isn't he", "you are, aren't you". To don me ake cewa "I am, aren't I"? Ina "are" ta shigo wajen "I"?

Tsohon_Lakcara:
Wadda ƙa'ida ta ba da ita ce "amn't I", kuma a Sikotilan da Ayalan har gobe ana faɗarta. A Ingila m da n sun yi wa baki nauyi, aka taƙaita ta koma "an't". Mutanen kudancin Ingila ba sa furta r bayan wasali, don haka "an't" da "aren't" sauti ɗaya ne a kunnensu, sai aka riƙa rubuta ta da r ɗin da ba tata ba. Wani reshen na "an't" shi ya zama "ain't" da kuke ji a finafinan Amurka. Ɗaya ta samu shiga littafin makaranta, ɗayar in ɗalibin Malama ya rubuta ta jan biro zai sha.

Direban_Legas:
Mu dai "no be so?" muke cewa, ta ɗauke kowa da kowa. An kira lodi, sai anjima.